Yawon Buɗe Ido a Kogin Loboc

Kogin Loboc yana tsibirin Bohol a ƙasar Filifin. Ruwansa kore ne shar, itatuwan kwakwa sun jeru dama da hagu. Ga biyu daga cikin hanyoyin ganinsa. Ta farko ƙaramin kwalekwale, inda baƙo ke biyan kuɗi a miƙa masa filafili ya tuƙa kansa, ya koma masauki da ciwon kafaɗa. Ta biyu babban jirgi mai rumfa da tebura, ana ɗibar abinci iya ciki, mawaƙa na rerawa. Jirgin kan kai magangarar ruwa ta Busay ya juyo cikin kimanin awa ɗaya. Fasinjojinsa kan sauka da cikakken bayani kan gasasshiyar kaza. Batun kogi kuwa, sai sun duba hotunan wayarsu.