Rediyon Motarka Ba Kaskon Masa Ba Ne

Duk direban da ke jigila tsakanin Kafanchan da Kaduna a watan Maris ya san wannan baƙin ciki. An wuce Zonkwa, waƙa ta fara daɗi, fasinjoji sun fara kaɗa kai, sai rediyo ya yi ɗif kafin a shiga Kachia. Ka taɓa fuskarsa ka ji kamar a zuba masa ƙullu. Ni ma na sha wannan kunya, don haka ga abin da na koya.

Na ɗaya, ka ƙirga sifikunka. Yawancin sifikun mota om 4 ne. Idan ka jona biyu a baki ɗaya, jan waya da ja, baƙa da baƙa, sun koma om 2, wato ka ɗora wa jaki kayan raƙumi. Rediyon zai ja wuta ninki biyu, rabin wahalarsa kuma zafi ne. In kana son a ji ka daga Dutsen Kagoro, sayi amfilifaya, ka bar bawan Allah ya huta.

Na biyu, amfilifayar ma tana numfashi. Haƙarƙarin ƙarfen da ke jikinta an yi su ne don iska ta ratsa ta kwashe zafi. Kai kuwa ka cusa ta ƙarƙashin kujera, ka jibge buhun cittar Kwoi a kanta, ka ƙara da darduma. Citta dai tana da nata yajin, ba ta bukatar taimako.

Na uku, ƙurar hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu takan toshe ramukan iska ta zama bargo. Kafin ka ƙure ƙara ranar bikin Afan na 1 ga Janairu, nemi mai faci ya hura wa rediyon iska kaɗan.

Na huɗu, kada ka zuba masa ruwan leda. Jiragen ƙasa na gawayi da suka mayar da Kafanchan mahaɗar layin dogo tun 1927, su ne a da ake ɗura wa ruwa don su yi tururi. Rediyonka ba jikansu ba ne. In ruwa kake sha'awa, magangarar ruwan Matsirga tana nan kusa, je ka kai kaɗai.

Na biyar, fis. Idan ya ƙone, gargaɗi yake yi maka. Wani mai wayarin ya taɓa naɗe mini shi da takardar kwalin sigari, ya ce, "Oga, wannan ba ya mutuwa." Gaskiya ya faɗa. Fis bai mutu ba, rediyon ne ya mutu, da hayaƙinsa da warinsa. Sa sabo mai lamba iri ɗaya da tsohon, ka kuma duba baƙar wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen mota, don in ta yi sako-sako ko tsatsa ita ma zafi take haifarwa.

Na shida, nemi inuwa. In babu mangwaro, rufe gilashin gaba da kwali.

Idan duk ka yi wannan bai daina ba, akwai wani ɗan maɓalli da ake murzawa hagu. Rage ƙara ba ya cin ko kwabo, kuma a ranar za ka ji abin da fasinjan baya ya daɗe yana faɗa maka: ka wuce inda zai sauka.