Ashana Ta Fi Taba Ƙarewa

Shekarar da na yi zaman karatu a wani gari na arewacin Ingila, ɗakin da na kama haya yana saman shagon wani dattijo mai sayar da lofe da taba. Arha ce ta kai ni, ba sha'awa ba. To amma wanda ya kwana kusa da tukuba dole rigarsa ta yi ƙauri. Ran Asabar, in sanyi ya hana ni fita, sai in sauko in raɓa kusa da abin ɗumama ɗaki, ina taya Baba mai shago ɗaure kaya. Abin da na sani a gida shi ne tsoho ya cusa taba a lofe, ya ɗora garwashi, ya yi shiru. Su can sun mai da abin ilimi guda, da mazhabobi da malamai da 'yan bidi'a. Kuma da yake tun 2007 doka ta hana busa hayaƙi a mashaya da gidajen abinci na Ingila, sai duk suka tare a kan wani dogon benci a bayan shagon. A nan na ƙare musu kallo.

Sabon shiga ba ya ɓuya. Yawanci fim ne ya turo shi. Ya ga bokan nan mai dogon gemu na labarin Tolkien yana busa hayaƙi a bakin dutse, sai ya zo neman lofe mai bututu kamar kamu guda, wanda ba ya shiga aljihu, ba ya shiga jaka, sai dai a riƙe shi kamar sandar makaho. Wani kuma Sherlock Holmes yake so ya zama, sai ya nemi lanƙwasasshen lofen nan mai ƙaton kai. Ranar da na ɗauki irinsa na juya, dariya ta kama ni, don wuyan duma ne, duman nan da muke fafe ƙwarya da shi. Daga Afirka ta Kudu aka fara kai shi Ingila. Holmes ɗin ma a cikin littattafan ba shi yake sha ba, 'yan wasan kwaikwayo ne suka liƙa masa.

Baba yakan zaunar da sabon shiga ya ce, “Ɗana, sau uku ake cusa taba. Na farko ka danna da hannun yaro, na biyu da hannun mace, na uku da hannun namiji.” Yaro zai gyaɗa kai, ya fita bayan shago, ya danna duka ukun da hannun ɗan dambe. Iska ba ta wucewa. Sai ya kama zuƙa kamar mai jan ruwa a busasshen famfo, kumatu sun lotsa, ido ya yi ja. Wuta ta mutu, ya kunna. Ta sake mutuwa, ya sake kunnawa. Kafin ya ga bayan taba cikin cokali guda ya ƙarar da rabin kwalin ashana, harshensa kuwa ya soye. Mako na zagayowa zai dawo ya ce lofen ne ba shi da kyau. Baba ba ya musu. Sai ya buɗe masa akwatin masu tsada.

Daga nan ake fara zama mai tarawa, kuma wannan cuta ba ta da magani. Mai tarawa yana da lofe sittin, yana neman na sittin da ɗaya. In ya shigo ba ya tambayar taba. Sai ya ɗauki lofe ya kai bakin taga, ya karkata shi ga haske, yana bin zanen itacen da ido kamar dillalin shanu a kara yana duba haƙora. Itacen da ake sassaƙa yawancin lofe da shi biraya ake ce masa, wani dunƙule ne da ke fitowa tsakanin saiwa da gangar wata 'yar bishiya a ƙasashen bakin Bahar Rum, irin su Italiya da Girka da Aljeriya da tsibirin Kosika. Ana tono shi, a yanka, a dafa, a shanya wata da watanni, don wuta ba ta cin sa da sauri. Tun wajen shekarun 1850 garin San Kulod na Faransa ya shahara da sassaƙa shi. Duk wannan mai tarawa zai karanta maka shi ko ba ka tambaya ba. Zai nuna maka ɗan farin ɗigon da ke kan bututun lofen kamfanin Dunhill, wanda tun asali an sa shi ne don mai lofe ya gane ina ne sama in zai mayar da bututu, amma yau ɗigon nan ya fi lofen kansa tsada. Zai ciro lofen Peterson na Dablin ya nuna maka ramin da aka yi a ciki don ya tare danshi, da bakin da ke harba hayaƙi sama zuwa ganɗa maimakon kan harshe. In ka ce, “To Malam, wanne ya fi daɗin sha?” sai ya dube ka kamar ka zagi iyayensa. Rabin abin da ya tara bai taɓa ganin wuta ba, don da zarar an kunna daraja ta faɗi. Akwai guda da yakan roƙi Baba ya rubuta masa rasiɗi biyu, ɗaya na gaskiya, ɗaya na nuna wa uwargida.

Ƙanin mai tarawa shi ne mai farin lofe. Wannan ba itace ba ne, wani farin dutse ne mara nauyi da ake haƙowa a kusa da Eskishehir ta Turkiyya, Jamusawa suka sa masa suna mirsham, wato kumfar teku. Ana sassaƙa shi da kan sarki mai rawani ko kan zaki. Da shan yau da gobe yakan rine, daga fari zuwa ruwan zuma zuwa ja. Mai shi ba ya yarda yatsa ya taɓa kaskon, har safar hannu yake sawa. Kullum zai miƙo maka shi ya ce, “Ka ga ya fara juyawa?” Wata tara ina kallon lofen nan, fari fat kamar ranar da aka saye shi. Kullum ina cewa ya fara.

Amma rigimar gaskiya a kan taba take. Bencin nan kashi biyu ne, kuma ko gaisuwa sama-sama suke yi.

A gefen dama akwai 'yan Latakiya. Sunan daga Lazikiyya ne, garin bakin teku a Siriya, ko da yake daga baya yawancinta a Saifurus ake yi. Ganyen ana rataye shi ne a rumbu a yi ta banka masa hayaƙin itatuwa da ganyaye masu ƙamshi har ya yi baƙi ƙirin. Mai shan ta zai lumshe ido ya ce yana jin ƙamshin tsohuwar fata da turaren wuta da dare a daji. Kai da ke kusa da shi abin da kake ji shi ne an ƙona taya a bakin kasuwa. Ɗan Latakiya ya san haka, kuma abin alfaharinsa ke nan. A wurinsa duk tabar da mata ba su tsana ba alewa ce. Ba ya shan komai sai haɗin da suke kira na Ingilishi, wato Bajiniya mai ɗan zaƙi, da ganyen Turkiyya ko Girka, da Latakiya a kai. Gashin bakinsa ya yi ruwan ɗorawa. Matarsa ta daɗe da mayar da shi rumfar ajiye kayan lambu, shi da kujerarsa da rediyonsa.

A gefen hagu akwai masu ƙamshi. Tasu tabar an jiƙa ta da banila ko ceri ko cakulan, galibi a kan ganyen Bale, wanda ba shi da zaƙin kansa amma yana shan duk abin da aka zuba masa kamar soso. In mai ƙamshi ya kunna, sai masu wucewa su waiwayo, tsofaffin mata su ce ya tuna musu da kakansu. Shi kuwa bawan Allah, abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne ƙamshin na mutane ne, shi zafi kawai yake sha. Tabar tana da danshi, lofen yana ƙugi kamar cikin mai gudawa, harshe yana raɗaɗi, yana murmushi yana karɓar yabo. Wanda yake sha don jama'a ke nan.

Rannan wani mai ƙamshi ya ari lofen ɗan Latakiya ya zuba masa tabar ceri. Itace yana riƙe wari, kuma warin nan fatalwa suke ce masa, don ba ya fita. An goge da gishiri da barasa, an shanya, fatalwa tana nan. Har na bar garin ba su shirya ba.

Tsakaninsu akwai wani ɗan tsiraru da ke raina ɓangarorin biyu, shi sai Bajiniya da Ferik. Ferik ɗin a yanki ɗaya ake yin ta, gundumar Sen Jemis a jihar Luwiziyana ta Amurka, inda ake danne ganye a gangar itace da ƙarfen matsi ya yi kusan shekara yana tsimuwa cikin ruwan jikinsa. Daddawar taba ke nan, kaɗan ake sawa. Mai shan ta yakan shaƙa ya ce, “Akwai ɓaure, akwai barkono, can ƙasa kuma akwai busasshiyar ciyawa.” Na karɓi gwangwanin na shinshina. Taba na ji.

Sai mai rumbu. Shi tsoro ne ke tafe da shi. A 2018 kamfanin McClelland na Amurka ya rufe, a shekarar kuma aka daina fitar da tabar lofe da sunan Dunhill, sai ya ɗauka tashin duniya ya zo. Tun daga lokacin ba ya sayen gwangwani ɗaya, sai goma. Yana da kwalabe jere a ƙarƙashin bene, kowace da kwanan wata a murfi, don Bajiniya tana ƙara daɗi in ta kwana biyu a rufe. Baba ya taɓa ɗaukar biro ya yi masa lissafi a bayan ambulan, ya ce ko da yau ya daina saye, abin da ya tara zai kai shi shekara ɗari da ashirin da haihuwa. Mutumin ya dubi lissafin, ya yi shiru, ya ce a ƙaro masa biyar. Abin da yake sha kullum kuwa mai arhar nan ce ta cikin leda, don ta rumbu ba ta isa buɗewa ba tukuna.

Mai totuwa dabam yake. Lofensa totuwar masara ce da aka rarake aka soka mata bututu, irin wadda kamfanin Missouri Meerschaum yake yi tun 1869, wadda Janar MacArthur ya yi suna da ita. Kuɗinta bai kai na abincin rana ba. Da ya sha abinsa ya yi shiru da mun zauna lafiya, amma ina. Duk wanda ya ciro lofe mai tsada sai ya matso ya ce nasa ya fi daɗi, ya faɗi nawa ya saya, ya sake faɗi. Ban taɓa ganin mai taƙama da talauci irinsa ba, ga shi da mota ta fi ta kowa a layin.

Ɗan gasa kuwa ba a hira da shi. Ashe har gasa ake yi ta duniya: a ba kowa taba giram 3 da ashana 2, minti 5 na cusawa, minti 1 na kunnawa, wanda wutarsa ta riga mutuwa ya fita. Akwai gwanayen da suka taɓa haura awa 3. Namu yana atisaye a ƙarshen benci da agogo a gwiwa, yana lallaɓa wuta kamar mai jinyar jariri, hayaƙin da ke fita bai kai na turaren tsinke ba. In ka yi masa sallama sai ya ɗaga yatsa ɗaya.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne wanda lofe ya zame masa makami. Ka tambaye shi abu mai wuya, ko bashin da kake bin sa, sai ya ciro lofe. Ya ƙwanƙwasa a tafin hannu. Ya zura tsinken gogewa. Ya cusa taba, ya danna, ya laluba aljihu huɗu neman ashana. Kafin hayaƙi ya tashi ka manta tambayar, shi kuma ya fito kamar mai zurfin tunani. An ce Harold Wilson, wanda ya yi firaministan Birtaniya, gwanin wannan ne a gaban 'yan jarida, kuma in ya shiga gida sigari mai kauri ya fi so. Namu na benci ba ya nuna abu da yatsa, sai da bututu. Sau da yawa ma lofen babu wuta.

Dukansu, na dama da na hagu, abu ɗaya ya haɗa su. In aka ambaci likita sai su amsa baki ɗaya, “Ai mu ba ma haɗiyewa.” Kamar leɓe da harshe da maƙogwaro na maƙwabci ne. Sankarar baki ba ta tambayar ko itacen daga Kosika ya zo.

Ni ma ban tsira ba. Wata Asabar na sayi totuwa ɗaya da tabar banila, na hau sama na buɗe taga. Na danna da hannun ɗan dambe. Kwana uku ina shan shayi ban san ko da sukari ba. Da na sauko ina magana da kyar, Baba bai yi dariya ba, ya dai miƙa hannu wajen akwatin masu tsada, na ce masa ya yi wa Allah ya bari.

Akwai wani tsoho da ke zuwa duk ran Juma'a da hantsi, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Lofensa ɗaya ne, baƙi, bututun ya tsage an naɗe shi da zare, gefen kaskon ya cinye saboda ƙwanƙwasa shi a dugadugin takalmi. Bai san sunan wanda ya sassaƙa shi ba. Ba ya cewa komai, Baba yana ganinsa zai auna masa irin tabar da yake saye tun kafin a haife ni. Rannan mai tarawa ya kasa haƙuri, ya matsa wajen tsohon ya ce, “Baba, wannan wane irin haɗi ne kake sha?”

Tsoho ya dubi ƙullin da ke hannunsa, ya dubi mai tambaya.

“Taba ce,” in ji shi. Ya juya wajen mai shago. “Ƙaro mini ashana kwali biyu.”