Kuskure Ɗaya, Shaidu Uku

Manhajar kwamfuta ba ta iya shan wahala a ɓoye. Ko tuntuɓe ta yi sai ta rubuta rahoto. Tun 2003 yaren Python ya zo da sashen logging, wanda ya ƙara mata baki: saƙo ɗaya ya fito a allo, ya shiga fayil, ya zarce syslog, in ya kai matakin CRITICAL har imel a aika wa injiniya da tsakar dare.

Rigimar tana wajen kai ƙara. Kowane ƙaramin mai rahoto yana miƙa saƙonsa ga na sama da shi, kamar mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, har a dangana da babbansu, root. To, in ka ba kowannensu magatakarda, kowa zai rubuta nasa. Sai kuskure ɗaya tal ya fito sau uku a allo, injiniya ya dafe kai yana salati, ya zaci rufin ne ya rufta.

Maganin layi ɗaya ne: a mayar da propagate, wato miƙa saƙo sama, ya zama False. Sai dai wasu, don haushi, kowa suke toshe wa baki. Ranar da manhajar ta faɗi da gaske, a buɗe fayil a tarar da shi wayam.