Yadda Za Ka Yi Zaman Ƙasaita a Tudun Wadar Zariya Ba Tare da Ka San Kowa Ba

Mai son kama haɗaɗɗen gidan bene a Tudun Wada ya fara gane cewa nesa da mutane yake haya, ɗakunan gyara ne aka yi masa. Tayil da fitilun silin masu reto kamar 'yan kunnen amarya duk kwalliya ce. Abin da dillali ke cin la'ada a kansa shi ne doguwar katangar nan da aka naɗa wa rawanin waya mai ƙaya, da ƙofar ƙarfe wadda ba ta amsa sallama. Don haka kada ka nemi ragi, neman ragi tonon asiri ne. Biya kuɗin shekara biyu lakadan, ka zaɓi hawa na sama, domin daga can ne ake ganin unguwa sarai ita kuwa ba ta ganin ka.

Daga nan sai haddar tarihi, don shi ne ke halatta tsadar. Idan baƙo ya zo, nuna masa wajen Ƙofar Doka ta taga, ka ce Turawa ne suka ware Tudun Wada a bayan ganuwa domin 'yan Arewa da ba Zagezagi ba, kamar yadda suka ware Sabon Gari domin mutanen Kudu. Ka ɗora da cewa a Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam na editanta, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sannan kamfanin ɗab'i na NNPC a 1966. Ambaci Kwalejin Barewa, ka ce harabar jami'a ta Kongo ma tafiyar ƙafa ce, ko da yake kai ba ka tafiya da ƙafa. Sayi Magana Jari Ce, littattafan uku duka, ka jera su kusa da talabijin. Ba sai ka buɗe ba, ƙura tana ƙara wa littafi kwarjini. Abu ɗaya dai kada ka bari baƙon ya lura da shi: sunan da unguwar nan ta yi an yi shi ne a zamanin zaure, lokacin da malami da ɗan jarida da tela ke zama tabarma ɗaya, kowa ya shigo da sallama ya fita da labari. Gidanka ba shi da zaure, kuma da gangan ne.

Wani zai ce, wace irin ƙasaita ce a garin da famfo ke yin kwanaki bai ce uffan ba, wutar NEPA kuma sai ta ga dama? Wannan bai fahimci harkar ba. Ai rashin ne ke fito da kai. Rijiyar burtsatse taka, tanki naka, sola a kan rufi, janareta a bayan gida, mai gadi a bakin ƙofa: ka zama ƙaramar hukuma mai zaman kanta, saura kawai ka fara karɓar haraji. Fitilar da ke ci ita kaɗai a layin da ya yi duhu ta fi fitila ɗari haske. Ranar da injin jan ruwa ya ƙone kuwa, mai ga-ruwa yana nan da kurarsa, sai dai jarka tana ƙara kuɗi da kowace matattakala, kuma yana da gaskiya.

Wani kuma zai ce, in dai gudun jama'a ne, me ya hana ka tafi GRA? Amsa mai sauƙi: can kowa katanga gare shi, ba mai kallon wani. Ƙasaita kuwa kamar wasan dambe ce, ba ta armashi sai da 'yan kallo. A nan ne mai shayi zai dakata da fifita wuta ya bi motarka da ido, 'yan acaba su kauce.

Ƙorafi na ƙarshe ne mai nauyi, kuma dillali bai tanadi maganinsa ba. Falo, komai sanyinsa, ba ya cin taron suna ko ɗaurin aure, balle zaman makoki. Ranar da ɗaya daga cikinsu ya zo, titi za ka fito, ka kafa rumfa a ƙofar mutanen da ba ka taɓa ce wa ina kwana ba, ka ari tabarminsu, ka nemi limaminsu. Za su zo, don unguwar baƙi ce tun asali, ta saba da karɓar wanda ba ta sani ba, amma za ka ji ana raɗa ana tambayar sunanka. Saboda haka, ranka ya daɗe, ko sau ɗaya a mako sauke gilashin mota ka gaida 'yan majalisar bakin layi. Mai gadi shi kaɗai ba ya ɗaukar makara.