Goma Cikin Ashirin, Ba Ƙari Ba Ragi

Masu kukan cewa yaran Sabon Gida ba su iya lissafi ba, su dakata sai watan Mayu. A lokacin ne ɗan kolej ɗin da ya shekara yana samun 6 cikin 20 a lissafi yake zama gwani. Sai ka gan shi a gindin dalbejiya da bayan littafi, yana ninkawa yana rabawa har gida biyu bayan waƙafi, don ya gano maki mafi ƙanƙanta da zai kai shi muwayen 10, wato iyakar wucewa aji a tsarin maki ashirin da muka gada daga Faransa. Ba ya neman 12, balle 14. Da za a ba shi 11, sai ya ga kamar an sa shi wahalar banza.

Abin da ke kayar da shi kullum shi ne kowefisiyan, nauyin da ake ɗora wa kowane darasi. A ce ya samu 6 a lissafi, 8 a Faransanci, 13 a tarihi, 18 a wasan motsa jiki. Shi sai ya tara su 45, ya raba huɗu, ya shiga gida da bushara: "Baba, 11,25!" Har a yanka zakara. Amma idan lissafi da Faransanci kowanne nauyinsa uku ne, tarihi biyu, guje-guje ɗaya, jimillar ta zama 86, a raba tara, ya faɗo 9,55. Abin mamaki, uban da aka ruɗa shi ne mutumin da ba ya taɓa haɗa kuɗin babban buhun albasa da na ƙarami a kasuwar Madawa, wanda kuma yake juya jika ta koma dala ɗari biyu da ka, dillali bai rufe baki ba. Takardar sakamako kaɗai ce ke sa shi cewa boko ya fi ƙarfinsa.

Daga nan sai sauran 0,45 ɗin ya zama aikin dangi. Kawun da bai san ko yaron yana aji biyu ne ko uku ba zai saka babbar riga ya nufi gidan malami da magariba. "Mushe, an wuni lafiya? Yaron nan naka ne, a duba shi." Nan take a gano cewa kakar mushe ƴar Buza ce, ashe ma ƴan uwa ne. Wanda ya je ci-rani Abijan shi ma ya bugo waya, ya ce ai rabin maki ba ya raba zumunci.

Za a ce ai tsara maki dabara ce, ko ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa suna yin ta. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya hana. Sai dai mai tsari tun Oktoba yake duba darasin da ya fi nauyi ya ba shi dare. Wanda ya fara a Mayu, bayan an rufe yawancin maki, ƙidayar asara yake yi. Za a kuma ce yaran nan ban-ruwa da cirar albasa suna cinye musu lokaci, aji ya cika, yajin aikin malamai ya yanke shekara. Wannan hujja ce mai ƙarfi, ita ce ma ta sa ya kamata awa ɗayar da ta rage a kashe ta kan Faransanci, tunda da shi ake rubuta tambayar kusan kowane darasi, lissafin ma har da shi. Amma a'a, tsalle da gudu ake wa atisaye.

Kuma a ƙarshen aji huɗu jarrabawar BEPC na jira, inda mai gyaran takarda ba ya ganin sunan yaro, balle ya tuna da kakarsa ta Buza. Kawu dai an ce tun yanzu yana cigiyar lambar wayar wani a Tawa.