Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Inshora

Madarunfa, Jihar Maraɗi.

Zuwa ga Hajiya Inshorar Mota,

Ina fatan kina lafiya, ke da ma'aikatanki da hatiminki da injin lissafinki, ina kuma fatan sanyin ofis bai yi miki yawa ba. Mu nan bakin tafki sai godiyar Allah.

Ranki ya daɗe, ba ki san ni ba, amma kin san lambar motata, don duk shekara sai ta kawo miki gaisuwa, kuma ba ta zuwa hannu rabbana. Ni ma ban taɓa ganin fuskarki ba. Abin da na sani naki shi ne ƴar takardar da nake ajiyewa a aljihun mota. In jandarma ya ɗaga hannu a hanyar Ɗan Isa ya ce, "Permi, kart giris, asirans," sai in miƙa, ya duba kwanan wata, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Iyakar zumuncinmu ke nan, kuma ban taɓa kuka da ke ba.

Dalilin rubuto miki wannan wasiƙa shi ne motar da na gada wurin mahaifina, Peugeot 504, doguwar nan mai kujera layi uku, haɗin Kaduna. Wata tifa mai ɗaukar yashi ce ta shigo kwana ba sallama, ta same ta a kafaɗar dama. Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi. Amma fitila ta tarwatse, lagireto ya zubar da ruwansa, bonet ya naɗe, ƙarfen da ke riƙe da gaban mota ya karkace. An yi konsta, laifi ya faɗa kan direban tifa, shi kansa bai yi musu ba.

Daga nan na fara sanin halinki. Dokarki ta ba ni kwana biyar na aiki in sanar da ke, na kuwa zo a kan lokaci. Sai aka yi mini bayani cikin ladabi cewa takardar da nake biya ba ta motata ba ce, ta wanda zan buge ce. Sashe na 200 na kundinki ya wajabta wa duk mai abin hawa mai inji ya tanadi abin da za a biya wanda ya yi wa ɓarna. Ni da aka yi wa ɓarnar, sai in jira ƴar'uwarki da ke tsaye wa tifa. Na tambaya ina take, aka ce fayil ya tafi Yamai. Na tambaya yaushe zai dawo, aka ce in bar lambar waya. Ni kwana biyar, ke kuwa sai ranar da Allah ya yi.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya hana ni barci shi ne zuwan gwaninki mai ƙiyasta ɓarna. Ya zagaya motar sau ɗaya, bai ce a tayar da inji ba, bai leƙa ƙarƙashi ba. Shekarar ƙira kawai ya tambaya, ya rubuta, ya girgiza kai. Hukuncinsa shi ne kuɗin gyara ya fi kuɗin motar, saboda haka ba gyara za a biya ba, sai abin da za ta yi a kasuwa kafin haɗari. Da ya faɗi adadin, na ɗauka kuɗin fitila yake nufi.

Hajiya, a nan muka saɓa. A garinmu shekaru girma suke ƙara wa mai su, a wurinki kuwa ragi suke jawowa. Bari in tuna miki wace ce babba tsakaninku. An fito da 504 a Faransa a 1968, a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai. A 1975 ta lashe tseren Safari na Kenya, a shekarar ce kuma masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki, inda aka yi ta haɗa irinta har zuwa 2006, bayan Faransawa sun daɗe da dainawa. Ke kuwa, yarjejeniyar CIMA da kike tafiya a kanta sai ranar 10 ga Yulin 1992 aka sa mata hannu a Yawunde, kundin ya fara aiki a 1995, iyayen gidanki kuma suna can Libreville. Lokacin da ake raɗa miki suna, motar nan ta riga ta gaji da kai amare Safo da Gabi. Ta ga karyewar darajar sefa a 1994, ta ga rufe iyaka a 2019, ta sha yashin gulbi da taɓon damina a hanyar Jiratawa, ta kai masu naƙuda asibitin Maraɗi cikin dare. Yaya ce a wurinki, kuma ba a yi wa yaya kuɗi a gabanta.

Na so a ce kin zo garejin da aka kai ta, ki ga yadda ake duba mota da idon basira. Mai gyaran bodin tsoho ne, bai tambayi shekarunta ba. Ya durƙusa ya shafa ƙarfen da tafin hannu, ya ƙwanƙwasa da ɗan guduma ya saurara, sannan ya ce, "Alhaji, wannan ƙarfen da ne, in an buga yana komawa. Na yanzu sai dai a jefar." Ya ɗaura sarƙa a gindin dogon yaro, ya maƙala ɗaya bakin a ƙarfen da ya karkace, ya kunna wutar walda ya gasa wurin har ya yi ja, yaransa suna ja da jak kaɗan kaɗan, shi yana cewa, "Ƙara... tsaya... ƙara." Bayan haka ya ɗauko zare ya auna daga kusurwa zuwa kusurwa, dama da hagu, har tsawon ya zo daidai. Da aka zo fenti, murfin tankin mai ya cire ya ba yaro ya kai wa mai haɗa kala, don kada kafaɗar ta fito amarya sauran jiki kuma tsohuwa. Ko takarda ɗaya bai nema ba. Rabin kuɗi ya karɓa, ya ce sauran in an samu.

Kayan gyara kuma labari ne mai zaman kansa. Sabon bonet na 504 ba a shago yake jira ba. Sai an bi ƴan gwangwani a Maraɗi, in ba a dace ba a tsallaka Ɗan Isa da Jibiya, a canza sefa zuwa naira, a nufi Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, inda ake ciro hanta da ƙoda daga matattun motoci a dasa wa masu rai. Can na samo fitila da lagireto. Ma'aikatanki suka ce sai rasit mai hatimi. Hajiya, mutumin da ya sayar mini da fitilar a ƙarƙashin rumfar kwano yake, hatiminsa shi ne "Allah ya sa albarka." Da aka samo rasit ɗin da ƙyar, sai aka ce za a cire kason tsufa daga kuɗin. Kayan da tun asali tsoho na saye shi, aka sake cire masa tsufa. Wannan lissafi ko a makarantar boko ba a koya mana shi ba.

Kada ki ce na zo da sharri. Na san dalilin da ya sa hukuma ta kafa ki. In babbar mota ta take magidanci, direban da bai mallaki komai ba ba zai iya ciyar da marayu ba, kuma "a yi haƙuri, ƙaddara ce" ba ta sayen hatsi. A irin wannan rana ke ce gatan marar gata, in kin biya. Niyyar doka mai kyau ce, sai dai rijiya ta bayar guga ya hana. Shi ya sa in mota ta goge mota a nan, kafin ƙura ta lafa za ki ji an ce, "Don Allah mu sasanta tsakaninmu, kada a kai ga takarda." Dattawa su taru, a kira makanike ya faɗi kuɗi, mai laifi ya kawo abin da ya sawwaƙa, a yi fatiha. Gyaran motata ma da kuɗin adashi aka yi shi, da gudummawar ƴan'uwa. Uwar adashi ba ta da ofis a Yamai, amma ranar kwasa ba ta cewa a bar lambar waya.

Saboda haka ga ƴan roƙe-roƙena. Na farko, ki yi magana da mu da harshen da muke ji. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, amma sharuɗɗanki har yau da Faransanci suke, da ƙananan baƙaƙen da sai an sa tabarau biyu. Ki gaya wa mutum tun ranar biya cewa takardar nan ba ta gyara motarsa, kada ya ji labari ranar da ruwan lagireto ke bin ƙasa. Na biyu, a Faransa motar da ta kai shekara 30 tana iya samun takardar motar tarihi, mai ita kuma ya zauna da inshora su yarda da darajarta tun kafin wani abu ya faru. Mu da muka riƙe motocin nan da aiki, ba da ado ba, mun fi cancantar wannan zama. Na uku, in za ki aiko gwani, ki haɗo shi da wanda ya taɓa riƙe sifana. Na huɗu, saurin da kike yi wajen karɓa, ki ranta wa sashen biya ko da rabinsa.

Takardata ta kusa ƙarewa, kuma zan zo in sabunta, don ba ni da bakin yi wa jandarma gardama. In kin ga dama ki turo wakili ya ga aikin da aka yi. Ya sauka tashar Maraɗi, motar da kuka ce ta mutu za ta je ta ɗauko shi. Sai dai ki gaya masa ya riƙo kuɗin mota a hannu, don ni ma na karanta sashe na 13 na kundinki: sai an biya ake shiga.

Ki huta lafiya.

Naki mai biya a kan kari,
Mai tsohuwar 504, Madarunfa.