Rumbun manoman da

Duk wanda ya san karkarar Dambatta ya san gona ba ta hutawa a wajenmu. Gado ya yayyanka ta, kowa da ɗan fallensa, gamba ce iyaka, kuma sai ka kai taki da mangala kafin ƙasa ta amsa maka sallama. To, da misalin nan na yi wa dattawan ƙungiyarmu ta manoma bayanin abin da zan kamo mana haya a intanet: wata ƙatuwar kwamfuta ce a Turai, an rarraba ta kamar gonar gandu, kowa ya biya a yankar masa tasa. Ciki za mu adana lissafin taki da iri da basussuka. Littafi mai bango ɗaya ya ishe mu, na sani, amma an naɗa ni sakatare, ga shi na yi kwas na wata uku a Kano.

Aka zo raɗa wa na'ura suna. Baffa, shugabanmu, ya ce suna linzami, a sa gero da dawa da gyaɗa. Masu wake suka ce ba su yarda ba. Kowace unguwa ta nemi a ambace ta. Muka tashi da suna mai haruffan da suka haura 70, kirari guda, ragon yanka kawai ya rage.

Na hau tudun bayan gari inda sabis ke kamawa, na rubuta. Jan rubutu ya fito. Ashe sunan kwamfuta ba ya ɗaukar ƙ da ɗ da ɓ, ba ya ɗaukar tazara, ɗan waƙafin nan na 'yan ma haramun ne. Baƙaƙen Turanci da lambobi da karan ɗori kawai. Na miƙe lanƙwasassu, gyaɗa ta koma gyada. Jan rubutu bai gusa ba. Tun 1987 wani Ba'amurke, Paul Mockapetris, ya shata iyaka a ƙa'idar sunayen intanet: gaɓa ɗaya ba ta wuce haruffa 63, cikakken suna 253. Da Linux na zaɓa, da na samu wannan filin. Ni kuwa Windows na ɗauko, ita ma ta gaji nata takunkumin daga wani tsohon tsari, NetBIOS, na shekarar 1983: haruffa 15, ba ƙari.

A nan wayona ya motsa. Na sa gajeren suna na wuce ƙofa, na shiga ciki na sauya shi zuwa rumbunmanomandambatta. Na'ura ta biyu, wadda na buɗe wa abokan hulɗarmu masu kai hatsi Dawanau, na kira ta rumbunmanomandawakintofa. Sau biyu wani akwatin gargaɗi yana fitowa, sau biyu ina danna masa ba tare da na karanta ba. Cewa yake za a gutsure sunan.

Ƙirga da kanka, mai karatu. Rumbun shida, manoman bakwai, saura biyu. Duka na'urorin suka koma rumbunmanomanda, kamar kishiyoyi masu suna ɗaya: ka kira wannan, waccan ta amsa, ko su yi maka shiru gaba ɗaya. Kwana huɗu ina ɗora wa sabis laifi, har na yi wa wani mai cajin waya faɗa, bawan Allah.

Ranar taro na buɗe allo gaban jama'a. Wani ɗan yayana da ke aji biyu a sakandare ya leƙo, ya karanta da ƙarfi:

"Kawu, rumbun manoman da? Su kaka ke nan?"

Baffa ya gyara zama a tabarma. "Malam Sakatare, da ranmu ka mai da mu mutanen da? Kuma da dala muke biyan wannan?"

"Baffa, Allah ya ba ka haƙuri, haruffa ne suka ƙare."

"To ai gonarka ma a gamba take ƙarewa, ban taɓa ganin ka shuka a ta maƙwabci ba."

Yaron ne ya gyara, cikin minti goma, ya sa musu gero1 da gero2. Masu wake sun kai ƙorafi, har yau ba a saurare su ba. Ni kuma daga masallaci har kasuwa, Sakataren Manoman Da ake kirana.